Hunturu Ya Kama: Yadda Za A Shirya Mota Domin Kai Mai Juna Biyu Asibiti Lafiya

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi motar da za ta ɗauko ki daga gida zuwa ɗakin haihuwa a lokacin sanyi da hazo. Wani zai ce me ya haɗa asibiti da aikin bakanike? Abin da ya haɗa su shi ne naƙuda ba ta da lokaci, kuma sau da yawa cikin dare ko da asuba take tasowa, daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani, mota ta fi ƙin tashi, hanya kuma ta fi duhu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin wannan darasi

A shekarar 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana jinkiri iri uku da ke jawo mutuwar mata wajen haihuwa. Na farko shi ne jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti. Na biyu shi ne jinkirin isa asibitin saboda rashin abin hawa ko matsalar hanya. Na uku shi ne jinkirin samun kulawa bayan an iso. Na ukun nauyi ne a kanmu ma'aikatan lafiya, amma na farko da na biyu suna hannun iyali.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, mata 512 ne ke rasa rayukansu. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba a cikin dalilan, kuma yana iya kashe mace mai cikakkiyar lafiya cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Saboda haka minti talatin da aka ɓata ana tura mota a ƙofar gida, ko ana neman mai faci a tsakiyar dare, ba ƙaramin abu ba ne.

Me hunturu ke yi wa mota da hanya?

Hunturu yakan fara daga ƙarshen Nuwamba ya kai tsakiyar Maris, amma ya fi ƙarfi a Disamba da Janairu. Iska ce busasshiya da ke tasowa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙurar Sahara, mafi yawanta daga ƙwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. A ƙasashen Turai da Amurka masu mota suna shirin ƙanƙara ne idan sanyi ya zo. Mu a nan abubuwa uku ne ke damunmu: sanyin dare, ƙura, da bushewar iska.

Sanyi yana rage ƙarfin batir, ya sa baƙin mai ya yi kauri, ya kuma rage iskar taya. Ƙura tana toshe matatar iskar inji, ta lulluɓe gilashi da fitilu. Bushewa tana tsattsage robar waifa da fanbel. A kan hanya kuwa, hazo yakan yi kauri har jiragen sama su fasa sauka, ga hayaƙin ƙunar daji da ke rufe titi ba zato ba tsammani. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, takan fitar da gargaɗi kan ranakun da hazo zai yi yawa. Ku riƙa sauraron rediyo domin jin sanarwarta.

Kashi na ɗaya: duba lafiyar mota

Maigida, ka kai motarka wajen bakanike tun ciki yana wata bakwai, ka sake dubawa idan ya shiga wata tara. Ga abubuwan da za a duba:

1. Batir. Zafin bazara ne ke cinye batir a hankali, amma sai sanyi ya zo rauninsa ke bayyana. Idan ka lura mota tana nauyin tashi da safe, ko fitila tana dusashewa lokacin da ake tayar da ita, to batir ya fara gajiya. A sa mai gyaran wuta ya auna shi. Batir mai lafiya yana nuna kusan 12.6 idan inji a kashe yake, ya kai wajen 14 idan inji yana aiki. A goge farin garin da ke taruwa a kan kawunansa, a ɗaure su tam. Batirin da ya haura shekara biyu zuwa uku abin sa wa ido ne. Idan motar ba ta fita kullum, a riƙa zagayawa da ita duk bayan kwana biyu ko uku.

2. Taya. A auna iska da safe kafin a yi tafiya, a kuma bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a daina aunawa da dukan ƙafa. A duba zanen taya: idan zurfinsa bai kai milimita 1.6 ba, ta suɗe. A duba gefenta ko akwai tsagewa ko kumburi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Misali 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗi kan amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, don haka a yi hattara da tayar gwanjo ko da zanenta yana da kyau. Kada a manta da safaya: a tabbata tana da iska, kuma jak da sifanar kwance taya suna cikin but.

3. Birki. Idan birki yana ƙara, ko yana nutsewa har ƙasa kafin ya kama, ko mota tana karkata gefe ɗaya idan an taka shi, a gyara nan take. A duba man birki, a kuma gwada birkin hannu.

4. Fitilu. A gwada doguwar fitila da gajeriya, fitilun baya, na birki, da sigina duka huɗu. Mota mai ido ɗaya a cikin hazo, mai tahowa zai ɗauka babur ne. A riƙa goge fitilu kullum, domin ƙurar yini ɗaya tana rage haskensu sosai.

5. Gilashi da waifa. A canza robar waifa idan ta bushe. A cika tankin ruwan wanke gilashi. Kada a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, domin tana kankare gilashin, daga nan hasken motocin da ke tahowa ya riƙa watsuwa a idon direba. A goge cikin gilashin ma. Idan ya yi raɓa daga ciki saboda numfashin mutane, a kunna iskar da ke busa gilashi ko a ɗan sauke taga.

6. Matatar iska da baƙin mai. A buɗe matatar iskar inji a kakkaɓe ta, idan ta toshe a canza. Matatar da ta toshe tana rage ƙarfin mota, ta ƙara shan mai. Idan lokacin juye ya kusa, a yi shi kafin watan haihuwa. A duba fulogi da fanbel.

7. Ruwan lagireto. Ko da ana sanyi, inji yana iya ɗaukar zafi idan ruwa ya ragu. A duba shi da safe. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, domin tafasasshen ruwa zai fesu a fuska.

8. Salansa. Wannan ya shafi rai kai tsaye. Hayaƙin mota yana ɗauke da wata guba da ba ta da wari ko launi, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. A lokacin sanyi ana rufe tagogi ruf, don haka idan salansa ta huje hayaƙin yana taruwa a cikin mota. Jinin ɗan da ke ciki ya fi na uwa riƙe wannan guba, saboda haka yana iya cutuwa alhali uwar ciwon kai da jiri kawai take ji. A toshe duk wata huda. Kada a bar inji yana aiki a cikin rufaffen gareji da sunan ɗumama mota. Kada kuma a shiga da kaskon gawayi cikin mota, ko a kwana da shi a rufaffen ɗaki, domin guba iri ɗaya yake fitarwa.

9. Mai. Daga wata takwas, kada allurar mai ta sauka ƙasa da rabi. Gidajen mai da yawa ba sa buɗewa da dare. Kada a ajiye jarkar fetur a cikin mota inda mutane ke zama: warinsa yana tayar wa mai ciki zuciya, kuma lokacin hunturu lokacin gobara ne.

Kashi na biyu: abin da za a ajiye a mota

Tun daga mako na 36 a haɗa jakar haihuwa, a ajiye ta inda kowa a gidan ya sani. A sa katin awo da sakamakon gwaje-gwaje da hoton ciki, zannuwa masu tsabta aƙalla huɗu, audugar mata, kayan jariri da hula da safa, tawul biyu, bargo, leda babba ta shimfiɗawa a kujera, sabulu, da ruwan sha. A ware kuɗi a hannu, domin tura kuɗi ta waya yakan ƙi tafiya a lokacin da aka fi buƙata.

A cikin motar kuma a ajiye tocila mai ƙarfi, wayar jona batir da na wata mota, cajar waya, tukunyar kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da tsumma da galan na ruwa. Makullin mota ya kasance wuri ɗaya kullum. Da dare a ajiye ta tana fuskantar ƙofa, kuma kada a bari wata mota ta tare ta.

Kashi na uku: shirin mutane

Mota mai lafiya ba ta da amfani idan babu mai tuƙa ta. Maigida, ka zauna da iyalinka tun yanzu ku amsa waɗannan tambayoyi. Wa zai tuƙa idan ba ka gari? Wace mota ce ta biyu idan taka ta ƙi tashi? Wa zai raka ta, wa zai zauna da yara? Su wa za su ba da jini idan an buƙata? Ka rubuta lambobin wayarsu a takarda ka manna a bango.

Abu mafi muhimmanci, ka ba da izini tun da wuri. Ka faɗa wa matarka da mahaifiyarka da duk wanda ke gidan cewa idan naƙuda ta taso ko aka ga alamar haɗari, a tafi asibiti ko kana nan ko ba ka nan. Muna ganin matan da aka kawo a makare saboda ana jiran wayar maigida ta shiga.

Ku bi hanyar asibiti da rana ku san tsawon lokacin da take ci, inda ramuka suke, da ƙofar da ke buɗe da dare. Ku san wata hanyar ta biyu. Idan gidanku yana da nisa, ko hanyarku ba ta biyuwa da dare, ya fi kyau mai ciki ta koma gidan 'yan uwa kusa da asibiti daga mako na 36 ko 37.

Wanda ba shi da mota, ya yi magana da maƙwabci ko direban da ya yarda da shi, su daidaita kan kuɗi tun kafin ranar. A jihohi da dama na Arewa an horar da direbobin ƙungiyar NURTW kan ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. Ku tambaya a tashar garinku ko wajen mai unguwa. Idan a-daidaita-sahu za a shiga, a sauke labulensa, a lulluɓe ta da bargo. Babur kuwa sai idan babu wata hanya sam.

Kashi na huɗu: tuƙi cikin hazo

Direba, ka sani cewa saurin da ya wuce kima ba ya ceton mai naƙuda. Sauri ya haifi nawa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan hazo bai bar ka ka ga abin da ya wuce mita 50 ba, kafin ka hango tirelar da ta lalace a kan titi ka taka birki, ka riga ka isa gare ta. Ƙa'idar ita ce kada gudunka ya wuce yadda za ka iya tsayawa a cikin nisan da idonka ke gani. Dokar hanya ta ba ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari da 80 a kan babbar hanya, amma wannan na lokacin da gari yake garau ne.

Ka kunna gajeriyar fitila ko da rana ce, domin a gan ka. Doguwar fitila tana dukan ƙura ta dawo idonka. Ka ninka ratar da ke tsakaninka da motar gaba. Kada ka wuce wata mota alhali ba ka ganin gabanka sosai. Ka kula da shanu, amalanke, masu keke da masu tafiya a ƙasa, waɗanda suka naɗe kai da kunne saboda sanyi, ba lalle su ji hon ba. Idan ka tarar da hayaƙin ƙunar daji ya rufe titi, ka dakata daga nesa har ya lafa. Idan dole ka tsaya, ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, ka kunna sigina duka huɗu, ka ajiye alamar gargaɗi nesa da bayan motar.

Lokacin hunturu lokacin mura ne, kuma magungunan mura da tari da yawa, kamar firiton, suna sa barci. Wanda ya sha su kada ya tuƙa. Waya kuma a bar wa ɗan rakiya ya riƙa amsawa. Idan haɗari ya faru, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112.

Kashi na biyar: zaman mai ciki a mota

'Yar uwa, wasu matan suna gudun ɗaura bel don tsoron kada ya matse ɗan. Gaskiyar magana ita ce babbar kariyar ɗan da ke ciki ita ce uwarsa ta tsira. Ki ɗaura bel a kowace tafiya, amma yadda ya dace: na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki a kan ƙashin ƙugu, na kafaɗa ya bi tsakanin nonuwa ya sauka ta gefen ciki. Kada ko ɗaya ya hau kan tsakiyar ciki. Idan a gaba kike, ki ja kujera baya. Idan ke ce ke tuƙi, ki bar tazarar kamar santimita 25 tsakanin ƙirjinki da sitiyari, kuma kada ki tuƙa kanki idan naƙuda ta fara.

A doguwar tafiya a riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ki taka ƙasa, ki yi fitsari, domin dogon zama yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ki sha ruwa ko ba ki jin ƙishi, saboda iskar hunturu tana busar da jiki. Mai asma ta riƙe abin shaƙarta a hannu, ta rufe hanci. Mai sikila ta sa kaya masu kauri, domin sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar da ciwon.

Idan mota ta yi karo, ko da ƙarami ne kuma ba ki ji ciwo ba, ki zo a duba ki a ranar. Mabiyiya tana iya ɓallewa daga jikin mahaifa, jini ya taru a ciki ba tare da ya fito ba.

Yaushe za a tashi?

A kama hanya idan ciwon naƙuda yana zuwa a jere kamar duk minti biyar, ko idan faya ta fashe ko da babu ciwo. Wadda ta saba haihuwa da sauri, da wadda gidanta ke nesa, su taho tun kafin haka. Wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, mai hawan jini, da wadda aka ce ɗanta bai kwanta daidai ba, su taho da zarar sun ji alamar farko.

A taho nan take, ko ƙarfe nawa ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye, zazzaɓi mai zafi, ciwon ciki da ba ya lafawa, raguwar motsin ɗa, ruwan faya mai launin kore ko mai wari, ko fitowar cibiya ko hannu kafin kai. Naƙudar da ta wuce awa 12 a gida tana iya jawo mutuwar ɗa da yoyon fitsari.

Idan ba za ta iya zama ba, a kwantar da ita a kujerar baya ta gefen hagu, wani ya tallafe ta, direba ya ƙara rage gudu. Idan tana jijjiga, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo.

Idan haihuwa ta zo a hanya

A tsaya a wuri mai aminci, a rufe tagogi. A tari jariri da zane mai tsabta, a goge jikinsa sosai har ya bushe, a cire jiƙaƙƙen zanen. A ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. Idan bai yi kuka ba, a ci gaba da murza bayansa. Kada a ja cibiya, kada a yanke ta da reza ko wuƙar da ba a tabbatar da tsabtarta ba. Idan mabiyiya ta faɗo, a sa ta a leda a taho da ita haɗe da jaririn. A sa shi a nono. Idan jini yana zuba da yawa, a murza marar uwar har mahaifa ta yi tauri. Sannan a ci gaba da tafiya asibiti ko da komai ya yi kyau.

Ranar komawa gida

Jariri yana saurin yin sanyi. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'auni. A jinkirta wankan farko har ya cika awa 24. A zaɓi tsakiyar rana domin tafiya gida, a sa masa hula da safa, amma kada a rufe fuskarsa da bargo. Kada a zauna da shi a kujerar gaba, domin idan aka yi karo hannu ba ya iya riƙe shi, kuma jakar iskar da ke fashewa tana iya hallaka shi. Mafi aminci shi ne kujerar jarirai da ake ɗaurewa a baya, fuskarsa tana kallon bayan mota.

Kammalawa

Maigida, a makon nan ka ware yini ɗaya domin bakanike, ka cika tanki, ka kuma sanar da izininka ga mutanen gida. 'Yar uwa, ki haɗa jakarki, ki ci gaba da zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Idan kina da tambaya kan wannan darasi, ki yi wa ungozoma a ranar awonki na gaba. Ɗakin haihuwarmu a buɗe yake dare da rana. Allah ya sauke ku lafiya, ya raya abin da za a samu.